Sankarar Hanji: Alamomin da Take Bari Cikin Jini da Bayan Gida da Zuriya

GABATARWA

Akwai wata cuta da ke kama babban hanji da kuma ƙarshensa na kusa da dubura, wadda likitoci ke kira sankarar hanji, waɗansu kuwa su ce da ita ciwon dajin hanji. Bisa ga ƙididdigar Hukumar Lafiya ta Duniya, cikin shekarar 2020 kaɗai mutane fiye da miliyan 1 da dubu 900 ne suka kamu da ita a duniya, ta kuma yi ajalin fiye da dubu 900. A cikin ire-iren sankara duka, ita ce ta uku wajen yawan kamu, ta biyu wajen kisa.

Abin takaici a cikin wannan lissafi shi ne, cutar ba mai gaggawa ba ce. Galibi takan fara ne da ɗan tsiro a bangon hanji, wanda bai wuce ƙwayar wake ba, ba ya ciwo, ba ya hana mutum cin tuwonsa. Ba kowane tsiro ne ke zama sankara ba, wanda zai zama kuwa yakan ɗauki shekara goma ko fiye kafin ya rikiɗa. In an gan shi cikin waɗannan shekaru sai a tsinke shi, magana ta ƙare. A ƙasar Amurka, inda ake ajiye irin wannan lissafi da kyau, cikin mutum ɗari da aka gano cutarsu tun ba ta bar hanji ba, kimanin 90 suna nan da ransu bayan shekara biyar. Cikin ɗari da aka gano tasu bayan ta kai hanta ko huhu kuwa, kimanin 15 ne kawai.

An shirya wannan ɗan littafi ne domin a bayyana wa jama'a yadda masana suka koyi gane sawun wannan cuta tun mai ita bai ji kome a jikinsa ba, da iyakar abin da sababbin gwaje-gwaje ke iya yi, da kuma abin da kowane magidanci zai iya yi a gidansa ba tare da ya kashe ko kwabo ba.

DA AN ƊAUKA CUTAR TURAWA CE

Cikin 1971 wani likita mai suna Denis Burkitt, wanda ya daɗe yana aikin fiɗa a ƙasar Yuganda, ya buga bayani cewa sankarar hanji ta yi ƙaranci ƙwarai a ƙauyukan Afirka, alhali tana cika asibitocin Ingila da Amurka. Ya danganta haka da abincinmu mai dusa da ganye, wanda ba ya daɗewa cikin hanji. Maganarsa da ƙamshin gaskiya, don har gobe likitoci na yaba wa abinci irin gwaten acca da tuwon dawa da wake da kayan lambu, waɗanda Allah ya hore wa Jihar Filato. Amma sai aka ɗauki maganar fiye da inda ya ajiye ta, har ta kai waɗansu na cewa baƙar fata ba ya kamuwa da wannan cuta sam.

Asibitocinmu sun ƙaryata haka. Cikin 1999 likitoci biyu na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos, watau A. Z. Sule da B. M. Mandong, suka buga rahoto a kan marasa lafiya 35 masu sankarar hanji, waɗanda a cikinsu babu wanda ya wuce shekara 30 da haihuwa. Cikin 2001 kuma, tare da D. Iya, suka fito da bitar masu cutar da aka gani a Jos cikin shekara goma. Rahotannin da suka fito daga Jos da Badun da Ikko da sauran manyan asibitoci sun yi kama da juna a wurare uku. Masu cutar a nan sun fi na Turai ƙuruciya, don a can yawancinsu sun haura shekara 60, a nan kuwa 'yan arba'in da hamsin ne suka fi yawa. Cutar ta fi zama a ƙarshen hanji kusa da dubura. Sa'an nan mafi yawansu ba su iso asibiti sai ta yi nisa, waɗansu ma sai hanji ya toshe an kawo su ranga-ranga cikin dare.

Ya kamata a yi adalci game da batun ƙuruciyar. Jama'ar Nijeriya yawancinsu matasa ne, saboda haka tilas matasa su yi yawa a cikin kowane jerin marasa lafiya. To, amma wannan bai isa ya rufe maganar ba. Sankara a hanjin saurayi ɗan shekara 25 ko budurwa sa'arsa abu ne da ke sa likita ya tambayi gidan da suka fito, domin sau da yawa gado na da hannu a ciki. Abubuwan da aka tabbatar suna ƙara haɗarin cutar ga kowa da kowa kuwa su ne shan taba, shan giya, ƙiba, yawan zama ba motsa jiki, da yawan cin jan nama, musamman wanda aka sarrafa irin na gwangwani.

RUBUTUN DA KE CIKIN JIKI

Jikin ɗan Adam an gina shi ne da ƙananan ƙwayoyi waɗanda ido ba ya gani sai da madubin likita. Cikin kusan kowace ƙwaya akwai wani dogon zare a naɗe, wanda masana ke kira DNA, mu kuwa a nan za mu kira shi zaren gado. A jikinsa akwai rubutu da baƙaƙe iri huɗu kacal, amma an jera su har wajen biliyan 3. Rubutun ya kasu zuwa umarni kimanin dubu 20, kowane da aikinsa: wani na launin fata, wani na irin jini, wani na gaya wa ƙwaya lokacin da za ta rabu biyu da lokacin da za ta tsaya. Kusan kowane umarni kwafi biyu ne, ɗaya daga uwa, ɗaya daga uba.

Fatar cikin hanji ba ta hutawa. Cikin 'yan kwanaki kaɗan takan saɓule, sabuwa ta maye gurbinta, kuma duk sa'ad da ƙwaya za ta rabu sai ta kwafe rubutun nan dukansa. Duk wanda ya taɓa kwafar littafi da hannu ya san ba a rasa kuskure. Jiki na da masu bin rubutun suna gyarawa, amma a kwana a tashi wani kuskuren yakan kuɓuce musu. In ya faɗa inda ba shi da muhimmanci, babu kome. In ya faɗa kan umarnin da ke tsare girman ƙwaya, to, an fara.

Cikin 1990 masana biyu na Jami'ar Johns Hopkins ta Amurka, Eric Fearon da Bert Vogelstein, suka bayyana yadda kura-kuran ke taruwa ɗaya bayan ɗaya. Akwai umarnin da ake kira APC, wanda aikinsa kamar na birki ne. In ya lalace sai ɗan tsiro ya fito. Akwai KRAS, wanda ya yi kama da totur. In ya maƙale a take sai tsiron ya yi ta girma. Akwai kuma TP53, wanda ke kashe ƙwayar da ta ɓaci tun ba ta yi ɓarna ba. Ran da waɗannan suka lalace tare, ƙwayar ta zama kamar babbar mota da ta gangaro Hawan Kibo da kaya, birki ya tsinke, totur a maƙale.

A lura da wani abu a nan, don mutane da yawa na ruɗewa a kansa. Yawancin waɗannan kura-kurai ba gadonsu aka yi ba. A cikin hanjin mutum suke aukuwa bayan an haife shi, ba kuwa ya ba 'ya'yansa su. Waɗanda aka haifa da kuskuren tun daga uwa ko uba 'yan kaɗan ne, kimanin 5 cikin ɗari na masu cutar, za a kuwa zo kan maganarsu a gaba.

ƊAURI A KAN BAƘI

Akwai wata hanya ta biyu da umarni ke lalacewa ba tare da an taɓa ko baƙi ɗaya a cikinsa ba. Wanda ya san ajami zai gane ta nan da nan. Baƙaƙe na nan yadda suke, amma wasali bisa ko wasali ƙasa ko rufu'a na iya sauya karatun kalma, ɗauri kuma ya tsayar da baƙi cik. Haka zaren gado ke da nasa alamomi da ke hawa bisa rubutun suna nuna wanda za a karanta da wanda za a tsallake. Da su ne ƙwayar hanta ta bambanta da ta ido, ko da yake rubutunsu ɗaya ne. Wani masani ɗan Ingila, Conrad Waddington, shi ne ya raɗa wa wannan fanni suna cikin 1942, ana ce da shi ifijanetik.

Alamar da aka fi sani wani ɗan sinadari ne mai suna metil. In ya taru a farkon wani umarni, sai umarnin ya yi shiru, ƙwaya ta daina aiki da shi. Wannan shi za mu kira ɗaurin metil. Cikin 1983 Andrew Feinberg da Bert Vogelstein suka nuna cewa tsarin metil ya birkice a ƙwayoyin sankara, har da ta hanji. Daga baya aka gane cewa sankara kan cire shi daga inda ya dace, ta kuma ɗaura shi a kan umarnin da ke tsaron jiki. Misali shi ne MLH1, ɗaya daga cikin masu gyaran rubutun nan da aka ambata. In aka ɗaure shi, kura-kurai sai su yi ta zuba ba mai gyara, musamman a wuraren da baƙi ɗaya ko biyu ke maimaituwa. Likitoci na kiran wannan hali MSI a taƙaice, kuma ana iya auna shi a naman da aka yanko.

Dalilin da ya sa masu neman gano cutar da wuri suka mai da hankali ga ɗaurin metil shi ne, kuskuren baƙi ya sha bamban daga mutum zuwa mutum. Lalacewar KRAS, alal misali, ana samunta ne a kimanin kashi 40 cikin ɗari na masu cutar a Turai da Amurka, saboda haka mai neman ta ita kaɗai zai rasa fiye da rabi. Ɗaurin metil kuwa yakan faɗa kan wurare guda a mafi yawan masu cutar, kuma yakan fara tun da wuri.

YADDA AKE NEMO ALAMOMIN

Tsiro da sankara suna zubar da matattun ƙwayoyinsu cikin hanji, su fita tare da bayan gida. Wani ɓurɓushin zaren gadonsu kuma yakan shiga jini. Wahalar ita ce ƙarancinsa, don ya cakuɗe da na lafiyayyun ƙwayoyi, a bayan gida kuma har da na ƙwayoyin halittar da ke zaune cikin hanji, waɗanda suka fi shi yawa nesa ba kusa ba. Aikin ya yi kama da na masu wankin kuza a Bukur da Barikin Ladi, waɗanda ke wanke tulin ƙasa kafin su ga ɗan baƙin abin da suke nema a gindin kwano. Cikin 1992 David Sidransky da abokan aikinsa a Johns Hopkins suka fara nuna cewa abin mai yiwuwa ne, da suka gano lalataccen KRAS a bayan gidan masu sankarar hanji.

An yi fiye da shekara ashirin kafin wannan ya zama gwajin da hukuma ta amince da shi. Cikin 2014 hukumar kula da magunguna ta Amurka ta amince da Cologuard, gwajin bayan gida mai neman abu uku a haɗe: lalacewar KRAS, ɗaurin metil a kan NDRG4 da BMP3, da kuma ɓoyayyen jini. Da aka jarraba shi a kan mutum kusan dubu 10, ya kama kashi 92 cikin ɗari na masu sankara, da kashi 42 na masu babban tsiron da bai kai ga rikiɗa ba. Gwajin da ke neman ɓoyayyen jini kaɗai, wanda ake kira FIT, ya kama 74 da 24. Amma kuma cikin kowane mutum ɗari da ba su da sankara ko babban tsiro, Cologuard ya tsorata kimanin 13 a banza.

Gwajin jini ya biyo baya, don mutane da yawa sun fi yarda su miƙa hannu a ɗebi jini da su kai bayan gida. Cikin 2016 aka amince da Epi proColon, mai neman ɗaurin metil a kan SEPT9. Cikin 2024 aka amince da Shield, wanda ya kama kashi 83 cikin ɗari na masu sankara. Sai dai wajen babban tsiro kashi 13 kawai ya kama, wannan kuwa babban rauni ne, domin tsiron nan shi ne abin da aka fi so a riska. Gwajin da ke ganin sankara bayan ta zauna yana da amfani, amma bai kai wanda ke hana ta zama ba.

Duk waɗannan gwaje-gwaje ba su yanke hukunci. In ɗayansu ya nuna alama, tilas ne a bi shi da leƙen hanji, watau a zura wani siririn bututu mai fitila da kyamara ta dubura a duba babban hanji tun daga ƙarshensa har farkonsa. Da wannan na'ura ne ake ganin tsiro, da ita ake tsinke shi nan take, da ita kuma ake gutsuro nama a kai ɗakin bincike. Ana yin wannan aiki a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos da ke Lamingo, da sauran manyan asibitocin koyarwa na ƙasar nan. Gwaje-gwajen zaren gado kuwa a ƙasashen waje ake yin su, kuɗinsu ya kai ɗaruruwan dalar Amurka, kuma an yi su ne domin masu lafiya da ba su ga wata alama a jikinsu ba. Wanda ya riga ya ga jini ba nasa ba ne. Shi leƙen hanji ya kamace shi kai tsaye.

Sai gargaɗi game da wani tsohon gwajin jini mai suna CEA, wanda aka gano a Kanada cikin 1965, ana kuwa samunsa a ɗakunan awo masu zaman kansu. Amfaninsa shi ne bibiyar wanda aka riga aka yi wa aiki, a ga ko cutar ta dawo. Ba ya gano ta da wuri. Mutum na iya ɗauke da sankara sakamakonsa ya fito lafiya lau, mashayin taba kuma nasa ya hau ba tare da sankara ba. Kada kowa ya riƙe takardar CEA ya ce an wanke shi.

TAMU BA IRIN TASU BA CE

Tambayar da ta fi damun likitocinmu ita ce, ma'aunin da aka gwada a kan mutanen Amurka zai yi daidai da mu? Cikin 2013 likitocin Asibitin Koyarwa na Jami'ar Obafemi Awolowo da ke Ile-Ife suka haɗa gwiwa da asibitin sankara na Memorial Sloan Kettering da ke birnin Niu Yok, suka kafa ƙungiyar bincike mai suna ARGO. Cikin 2021 Farfesa Olusegun Alatise da Dokta Peter Kingham da abokan aikinsu suka buga abin da suka samu bayan karanta zaren gadon sankarar hanjin 'yan Nijeriya. Halin MSI ya bayyana a kimanin kashi 28 cikin ɗari na naman da suka auna, alhali a Turai da Amurka bai cika wuce 15 ba. Lalacewar APC, wadda a can ita ce ƙofar shigar cutar ga mafi yawan mutane, ta yi ƙaranci sosai a nan, lalacewar KRAS kuwa ta fi yawa.

Ma'anar wannan ita ce, cutar na iya bin wata hanya dabam a jikinmu, saboda haka kafin a dogara da kowane gwajin da aka shigo da shi, ya wajaba a jarraba shi a kan mutanenmu tukuna. Har wa yau, marasa lafiyar da aka yi wannan bincike da su mutanen kudu maso yamma ne. Ƙasa irin Filato mai ƙabilu barkatai, da Kano da Sakkwato da Barno, suna bukatar nasu lissafin. Irin wannan aiki na daga cikin abin da ake sa rai daga Cibiyar Bincike da Maganin Sankara ta Ƙasa, wadda ta fara aiki cikin 2023.

Yawan MSI ɗin nan yana da wata fa'ida. Sankara mai wannan hali ta fi jin wani sabon irin magani mai zaburar da garkuwar jiki. Cikin 2022 aka ba da rahoton marasa lafiya 12 a Niu Yok masu irinta a ƙarshen hanji, waɗanda ƙarinsu ya ɓace ƙaf bayan wata shida na maganin. Maganin na da tsada ainun, amma ya nuna cewa sanin halin nama ba aikin banza ba ne.

Ko gwajin FIT mai arha sai da ya nuna wani hali a nan. Cikin 2021 aka gwada fiye da mutum dubu 2 masu lafiya a jihohin Oshun da Kwara da Ikko. Kimanin ɗaya cikin biyar aka sami ɓoyayyen jini a bayan gidansu, da aka leƙa hanjinsu kuwa, kusan ɗaya cikin ɗari ne kawai ke da sankara. Basir da makamantansa sun isa su sa jini. Wannan na daga cikin dalilan da ke sa likitocinmu ganin cewa, da yake na'urorin leƙe da masu sarrafa su ba su da yawa, gara a fara da waɗanda haɗarinsu ya fi girma. Wani binciken ƙungiyar da aka buga cikin 2018 ya nuna su wane ne: masu ganin jini waɗanda kuma suke ramewa, yanayin bayan gidansu kuma ya sauya.

CUTAR DA KE BIN GIDA

Cikin 1895 wata mai ɗinki a Jihar Mishigan ta Amurka ta gaya wa wani likita, Aldred Warthin, cewa ta san sankara ce za ta kashe ta da ƙuruciyarta, don haka ta yi wa danginta, waɗansu a hanji, waɗansu a ciki, mata kuma a mahaifa. Abin da ta faɗa kuwa shi ya auku. Likitan ya bi diddigin zuriyar ya buga cikin 1913. Wani likita, Henry Lynch, ya sake tono maganar cikin 1966, da sunansa ne kuma ake kiran wannan gado yanzu. Sai cikin 1993 da 1994 aka gano dalilin, watau ana haihuwar mutum da lalataccen kwafi na ɗaya daga cikin masu gyaran rubutu, irin su MSH2 da MLH1. Matar nan ba ta san da zaren gado ba, lissafin mamatan gidansu kawai ta riƙe, ta kuwa riga masana da kusan shekara ɗari.

Gadon Lynch shi ke jawo kimanin 3 cikin ɗari na sankarar hanji. Akwai wani kuma da bai kai shi yawa ba, inda ake gadon lalataccen APC. Masu shi hanjinsu kan cika da ɗaruruwan tsiro tun suna samari, in ba a yi musu aiki ba kuwa kusan dukansu sukan kamu wajen shekara 40. Jama'a sun saba da ciwon sikila, wanda sai uwa da uba sun haɗu a kansa yake kama ɗa. Waɗannan biyu ba haka suke ba. Mahaifi ɗaya ya isa, ko uwa ko uba, kuma kowane ɗa ko 'ya rabi da rabi ne, ko ya ɗauka ko ya tsira. Saboda haka babu dalilin ɗora wa matar gida laifi, ko a ce dangin wane ne suka kawo.

A nan ne aikin magidanci yake. Mu mutane ne masu kunya da kawaici, in an yi rasuwa sai a ce gajeriyar rashin lafiya ce, ko ciwon ciki, a bar ta a nan. To, a zauna da tsofaffin gida, musamman mata, don goggo da inna da kaka su ne suka yi jinya, su suka san wanda ya yi ta zubar da jini, da wadda aka cire wa mahaifa, da wanda aka yi wa fiɗa a ciki bai tashi ba. A tambayi ɓangaren uwa kamar yadda za a tambayi na uba. A rubuta wane ne, mece ce dangantakarsa, wace irin cuta, yana da shekara nawa ta kama shi. Shekarun sun fi kome muhimmanci. In an sami wanda ya kamu kafin shekara 50, ko mutum biyu ko uku a jini ɗaya, ko sankarar hanji da ta mahaifa a gida guda, lalle a kai wa likita wannan takarda.

Ƙa'idar da likitoci ke bi ita ce, wanda mahaifinsa ko mahaifiyarsa ko ɗan'uwansa na ciki ɗaya ya yi cutar, ya fara leƙen hanji yana da shekara 40, ko kuwa shekara goma kafin shekarun da ta kama ɗan'uwan nasa, duk wanda ya riga zuwa. In ta kama uba yana da 45, ɗa zai fara a 35 ke nan. Gidan da aka tabbatar da gadon Lynch sukan fara tsakanin shekara 20 da 25, su maimaita kowace shekara ɗaya ko biyu. Masu gadon APC kuwa tun suna 10 zuwa 12. Wanda babu kome a zuriyarsa, shekara 45 ce Amurka ta tsayar tun 2021, kuma ya dace duk wanda ya kai ta ya tuntuɓi likita a kan gwajin da zai iya samu.

BA KOWANE JINI NE BASIR BA

Babu abin da ya kai kalmar basir jinkirta masu wannan cuta. Mutum ya ga jini, maƙwabci ya ce basir ne ko atuni, a sayo sassaƙe a tasha ko a bakin kasuwa, a yi wata shida ana sha. Basir gaskiya ne, yana da yawa, yana kuma sa jini. Amma mutum na iya samun basir da sankara lokaci ɗaya, kuma babu mai iya rarrabe su da jin labari kawai. A je asibiti ba tare da jinkiri ba in an ga jini ko majina a bayan gida, ko bayan gida ya yi baƙi. In gudawa ko taurin ciki ya wuce 'yan makonni, ko suna karɓa-karɓa. In ana jin kamar ba a gama ba bayan an tashi. In ana ramewa ba dalili. Ko kuwa an ce jini ya yi ƙaranci ba a san inda yake tafiya ba.

Kada a ji nauyin gwajin yatsa da likita zai yi ta dubura. Minti ɗaya ne, kuma da yake cutar tamu ta fi zama a ƙarshen hanji, sau da yawa yatsan kan taɓa ta. Mace na da damar neman wata mace ta tsaya tare da ita. A Jos ana iya farawa daga asibitin da ya fi kusa, ko Asibitin Ƙwararru na Jihar Filato, ko Jankwano, ko na Vom, su kuma su tura mutum gaba in da bukata. Wanda aka sa wa ranar leƙen hanji ya bi umarnin abinci da na maganin wankin ciki sau da ƙafa, don in hanji bai wanku ba ƙaramin tsiro na iya ɓuya.

In an tsinke tsiro ko an yi fiɗa, a tabbata an kai naman ɗakin bincike, kada a yarda a zubar da shi ko a binne ba a auna ba. A tambayi likita ko za a iya duba halin MSI a jikinsa, musamman in marar lafiyan bai kai shekara 50 ba. Sa'an nan a karɓi takardar sakamakon a adana ta tare da takardun gida da na gona, a kuma gaya wa 'yan'uwa na ciki ɗaya da 'ya'yan da suka girma abin da ke cikinta, domin da ita ne likita zai ƙidaya shekarar da kowannensu zai fara zuwa awo.